Kada Ki Sassauta Mini

"Har ke, Zinatu?"

Lukman ya ajiye katakon bugun ƙwallo a kan tebur.

Ta sunkuyar da kai. Ta san abin da ta yi: lallaɓa masa ƙwallon ta yi, kamar mai ba jinjiri koko.

Kafin gubar dalma ta kwantar da shi a wurin wankin zinare na Abare, duk Anka babu mai tare bugunsa a ƙwallon tebur. A zauren nan, kan teburin yayanta Labbo, ya koya mata wasan, a nan kuma ya fara ce mata hasken idona. Yanzu ƙwallon a sanyaye take fitowa daga hannunsa, ba juyi, ba ƙarfi. Abokai sun watse. Mu'azu kuwa, da ya daɗe yana sonta, ya cika kunnen Innarta da cewa Lukman ya gama yawo.

Ita kaɗai ta rage masa, ita ma shi kaɗai gare ta.

"Gobe zan tahi Bukkuyum wurin kawuna, ba ni dawowa," ya ce a hankali. "Kowa kallon gawa shika mini. Ban iya auren mai jin tausaina..."

"Lukman..."

"Ki gaida Inna."

Wallahi ta ji tsoro!

"Ɗauki katakonka," ta ce. "Wasa bai ƙare ba hwa."

Ya dube ta, ya ɗauki katakon, ya sako ƙwallon.

Ƙwallon ta taho tana tafiyar hawainiya. Irin wannan, in ka tsaya jiranta ka taɓa ta kawai, raga take faɗawa. Zinatu ta tako gaba, ta same ta a sama, ta zabga mata da dukan ƙarfinta, hawaye na zuba.

Tau!

Ta wuce kunnensa, ta bugi bango.

Ya sake sakowa, ta sake zabgawa. Ko ɗaya ba ta bar masa ba.

Sai ga Lukman yana dariya, dariyar da rabonta da ji tun kafin ciwo, yana share ido da hannun riga.

Inna ta leƙo daga labule. "Ke, kashe shi za ki yi?"

"Aurensa zan yi, Inna."

Inna ta dube shi, ta dubi ɗiyarta, ta saki labulen ba ta ce a'a ba.

Lukman ya duƙa da kyar ya ɗauko ƙwallon.

"Hasken idona... mu sake. Kada ki sassauta mini."