Abin da Ya Rage a Ƙarshen Kaset

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, ku matso. Shekarun da ake gina madatsar Bakolori ne, wata Talata a kasuwar Mafara, wata yarinya mai suna Baturiya, 'yar Maradun, ta tsuguna tana tayin barkono, sai wani dogon saurayi ya tsaya kusa da ita ya manta abin da ya zo saye. Hayatu sunansa, ɗan Birnin Tudu, direban tifa a wajen aikin dam. Kafin damina ta sauka har yana ce mata Batu tawa, ita kuwa tana rufe fuska da mayafi.

Mahaifinta Malam Falalu ya ce faufau. "Mai kwasar ƙasa ana tare ruwan da za ya cinye min fadama? Ba ni ba shi ɗiyata!"

Hayatu ya ajiye makullin tifa, ya tsallaka Maraɗi ta ƙasar Nijar ya kama sayar da albasa, ko tsoho zai huce. A can aminiyar Baturiya take, Nagode, wajen innarta. Tun da ba dama ya aika gidan su Baturiya kai tsaye, sai ya ɗauki maganarsa a kaset, Nagode ta naɗe cikin ɗankwali ta ba direban motar haya, kamar tsarabar ƙawa. Kaset uku suka iso. Na huɗu muryar Nagode ce: "Ƙawata, ki yi haƙuri, Hayatu ya samu wata."

Baturiya ta yi kuka har ta rame. Gwaggonta Taibatu, mai saro atamfa, ta ce, "Juma'a zan tafi Maraɗi, Lahadi in dawo. Taho ki ga ƙawarki, ki sha iska."

Nagode na ganinsu ludayi ya suɓuce mata, sannan ta ruga ta rungume Baturiya. Ta zaga da ita gari, ta saya mata dogon burodin nan nasu mai tauri, ta nuna mata jandarmomi, 'yan sandan can. Layin albasa kaɗai ta ƙi kai ta, ta ce rana ta yi zafi.

Asabar da hantsi Nagode ta shiga wanka. Baturiya ta zari wani kaset ta sa a rediyo. Kiɗan kalangu ne, tana ji tana tsifar kai. Can dab da ƙarewa kiɗa ya yanke, sai murya:

"...ban iya cin abinci, Batu tawa. Nagode ta ce an ɗaura miki aure da wani Barau na Bakura. In gaskiya ne, Allah ya ba ku zaman lafiya. In ba haka ba ne, kalma guda ta ishe ni."

Ashe Nagode ta naɗi kiɗa a kan saƙon, ba ta bari ya kai ƙarshe ba.

Ta fito da bokiti, ta tarar da Baturiya tsaye.

"Nagode, wane ne Barau?"

Nagode ta ajiye bokiti.

"Kwano guda muka ci da ke! Ke na fara faɗa wa sunansa!"

"Kullum shi zo nan," in ji Nagode, "Batu, Batu, Batu. Ni bai taɓa tambayar ko na kwan lafiya ba."

Baturiya ba ta zage ta ba. Ta cire kaset, ta ja hannun Gwaggo sai layin albasa. Hayatu na ɗaure buhu ya ɗago, igiya ta kwance, albasa ta zube.

"Batu? Ina mijinki?"

"Ga shi nan yana zubar da albasar mutane."

Ranar Lahadi su uku suka dawo. Gwaggo ta zaunar da ƙaninta ta kunna masa kaset. Malam Falalu ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Wanda aka ce mai an ƙwace mai yarinya, yac ce Allah ba da zaman lafiya? Shi turo magabatanshi."

Bayan kaka aka ɗaura aure, Allah ya albarkace su da 'ya'ya shida, suka zauna Bakura suna noman rani. Malam Falalu ya rasu yana sa musu albarka. Gwaggo ta ci gaba da saro atamfarta. Nagode ta auri wani tela a Maraɗi. Baturiya ta yafe mata, amma ba ta sake taka ƙofarta ba.

Ƙurunƙus, ta ƙare nan.