Jan Faci a Rigar Sojan Siyam

Zuberu tela ba ya jefar da ƙyalle, kuma wannan halin ne ya ja masa. A shekarar 1988 wata tsohuwa 'yar Thailand ta shigo ɗan shagonsa na unguwar Catford, can ƙasar Turawa, da wata koɗaɗɗiyar jar riga mai huji a ƙirji. Ta ce ta kakan kakanninta ce, sojan Siyam, tsohon sunan ƙasarsu ke nan. Rundunar Burma ta yi wa babban birninsu ƙawanya fiye da shekara kafin ta cinna masa wuta, shi kuma mashi ya same shi a ƙofar gari. Ta roƙi Zuberu ya yi facin da sabon farin yadi kawai.

Farin faci a jar riga? Zuberu ya ji an raina masa sana'a. Tana fita ya zazzage buhun ƙyallayensa, ya samo wani ja da ya dace cif. Ragowar tsohuwar tutar yaƙin Burma ce da wani dillalin kayan tarihi ya taɓa kawo masa gyara. Ya sani sarai, amma ya ce ai yadi yadi ne.

Gab da magariba ya gama, ya ciji zaren.

Ƙarar motocin titi ta ɗauke. Ƙaurin ƙonanniyar shinkafa da na gashin mutum ya cika shagon. Can nesa giwa ta yi kuka.

Rigar ta kumbura a kan tebur. Hannunta ya miƙe ya damƙi hannunsa na dama. Babu kowa a cikinta, amma riƙon na ƙato ne.

Murya ta zo cikin raɗa. Bai san yaren ba, amma ya gane kowace kalma.

"A ƙarƙashin tutar nan suka ƙona 'ya'yana. Kai kuma ka ɗinka mini ita a kan zuciya."

"Ka yi haƙuri, bawan Allah. Zan warware."

"Da wane hannu?"

Ƙashi ya fara ƙara. Zuberu ya laluɓo reza da hagu, Ayatul Kursiyyu tana kakkarye masa a baki. Ɗinkinsa mitsi-mitsi ne, abin da yake taƙama da shi, yau ga shi yana tsine masa.

Ɗan ƙaramin yatsansa na dama ya mutu. Na kusa da shi ya bi, sannan sauran ɗaya bayan ɗaya.

Yana yanka, yana kuka.

Facin ya faɗi, kafin ya taɓa ƙasa ya kama da wuta. Riƙon ya saki. Bas ta wuce a waje.

Matarsa Amamata ce ta sa farin facin washegari. Da tsohuwar ta zo, sai ta sansana rigar, ta dubi hannun Zuberu. Ta sa farce a gefen facin ta zaro wani guntun jan zare.

"Ka bar ɗaya," in ji ta.

Yatsu huɗu sun farfaɗo kafin sati. Babban yatsan, wanda ake riƙe allura da shi, bai sake lanƙwasuwa ba.