Farin Fenti a Fuskar Auta

Ni mai walda ne, kuma duk allon tallan da Mai Zane ya taɓa kafawa a garin nan, ni na ƙera masa ƙafafun ƙarfe. Bango ɗaya ya raba shagona da nasa. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuma shi ya faɗa mini da bakinsa, lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

Hannunsa na da kyau, ba zan tauye masa ba. Sai dai ba ya iya zana fuska da ka. Sai ya zaunar da mutum a kan benci, ya ƙare masa kallo, sannan buroshi ya motsa. Da wannan sana'a yake riƙe da tsohuwarsa da ƙanensa da matarsa da 'yarsu tilo, wadda ake kira Auta ko da yake ba ta da yayye. Sai masu injin buga hoto suka cika layinmu. Allunansu na sheƙi, nasa kuwa a wuce ko waiwaye babu. Kada ku ce yunwa ce ta kore shi, tukunyar gidansa ba ta taɓa kwana a kife ba. Abin da ke cin ransa shi ne ya ga waɗanda ya koya wa riƙe buroshi suna shiga mota.

Wani dillali ne ya kwatanta masa wani boka, a bayan wani tsohon sito da aka daina amfani da shi. Da rana tsaka ya je, amma ɗakin duhu ne ƙirin, sai wata fitila mai hayaƙi. Bango duk fasassun madubai ne, kowanne an juya fuskarsa yana kallon gini. A tsakiya akwai tukunya baƙa, an ɗaure wuyanta da jan ƙyalle, gefenta ƙwarya cike da busassun idanun dabbobi. Ƙarni ya cika wurin. Bokan na zaune a kan buzu, bai ɗago kai ba.

"Me kake nema, mai fenti?"

"Ina so duk wanda ya zo wuce allona ya tsaya. In ya tsaya, ya kasa ɗauke ido. In ya tafi, ya je ya saya."

"Ido kake nema ke nan. Shi kuwa ido ci yake yi. Ka taɓa tambayar me yake ci?"

"Ranka ya daɗe, ni dai a faɗa mini abin da zan kawo."

"Ba abin da za ka kawo. Duk abin da ake buƙata yana gidanka."

Ya dandaƙa idanun nan da gawayi, ya tsaga babban yatsan Mai Zane ya ɗiga jini a kai, ya tofa, ya kwaɓa a ɗan gwangwani har ya yi kauri.

"Da wannan za ka ɗiga baƙin ido, shi ne ƙarshen aiki. Amma ba kowace fuska yake kamawa ba. Sai fuskar da ke washewa in ta gan ka."

"Shi ke nan?"

"Saura ɗaya. Abin da ka yi wa allo, mai fuskar ka yi wa."

Mai Zane ya yi dariya a ransa. Me zai yi wa allo in ban da ado? Ya sa gwangwanin a aljihu ya fito.

Da ƙanensa ya fara, a tallan sabulu. Ranar da muka kafa allon a mararraba, sai da motoci suka cunkushe. Direbobi na leƙe ta taga, mata na tsayawa da kaya a ka. Kafin mako ya fita, sabulun ya ƙare a kasuwa. Kamfanoni suka yi layi a ƙofar shagonsa. Ya sayi mota, ya tayar da bene, waɗanda yake jin haushi suka dawo suna gaishe shi a durƙushe. Ƙanen kuwa sai ramewa yake kamar sabulun da aka manta a ruwa. Asibiti suka duba ba su ga komai ba. Ya mutu ƙashi da fata, hotonsa a mararraba yana ta murmushi da kumatu cike.

Bayansa sai tsohuwa, a tallan ganyen shayi, tana riƙe da kofi. Ita ba ramewa ta yi ba. Lulluɓe fuska ta fara yi a cikin ɗakinta, tana cewa, "Ku ce su daina kallona. Sun cika ɗakin, ku ce su daina." Daga nan ta koma yagar fatarta da farce, har aka ɗaure mata hannu aka kulle ƙofa.

Ya gane, kada wani ya ce muku bai gane ba. Ya ɗauko mutanen da ba su san shi ba ya biya su suka zauna a benci, ya ɗiga musu kwaɓin gwangwanin nan, allunan suka tsaya shiru, ko akuya ba ta kalle su ba. Kamfanoni suka fara ja da baya. Ana haka sai masu madara suka zo da aikin allo mafi girma a garin, a bakin babbar gada, kuma fuskar yarinya suke so.

Ta bango na ji matarsa tana roƙonsa.

"Maigida, don Allah ka bar mini wannan. Duk wanda ka zaunar a bencin nan ba ya ƙarewa lafiya."

"Ke da camfi. Hoto ne fa. Wata ɗaya kawai, in an biya sai in sauke."

Auta ta shigo da gudu, ta gan shi, fuskarta ta washe. "Baba, ni za ka zana? Ka sa mini jar riga." Ya ɗaga ta ya ɗora a benci. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi ranar nan ba.

Allon ya yi kyau, har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo. Yarinyar ta daina cin abinci, ta daina wasa, wuyanta ya koma kamar tsinke. Wata safiya ta kasa ɗaga kai, ta kalli mahaifinta ba ta gane shi ba. A nan ne uban da ke cikinsa ya farka, a makare kuma a gigice.

Sauke allo irin wannan aikina ne, kuma yana cin yini biyu. Bai iya jira ba. Ya yi abin da kowane mai fenti ke yi wa allon da ya gama aiki: ya ɗauki bokitin farin fenti da babban buroshi, ya ja tsanina ko sallama babu. Maganar boka ta ƙarshe ko kusa ba ta faɗo masa ba. Ya hau, jama'a na kallo, ya fara daga baki, ya haura hanci, ya shafe idanu. Ya jira fentin ya sha iska, ya sake maimaitawa, don shi ba ya aikin ha'inci. Ya sauko yana hamdala, ya nufi gida da gudu ya yi albishir.

Ya tarar da matarsa zaune a ƙasa, yarinyar a kan cinyarta, an ja zane an rufe ta.

"Na goge," in ji shi. "Na goge shi gaba ɗaya, yanzu za ta tashi."

Matar ta dube shi, idonta a bushe. "Cewa take yi, Mama, Baba yana toshe mini hanci, ki ce ya bari. Ta ɗan samu numfashi, har na ce ta farfaɗo. Sai ta ce, ga shi ya dawo."

Matar ta bar gidan ranar da aka yi jana'iza. Tsohuwa ta bi jikarta ba da jimawa ba. Benen ya zama kango. Da damina ta zo, farin fentin ya ɓare a wuri biyu kawai, idanun Auta suka fito, kuma har yau masu wucewa na tsayawa. A gindin allon za ku same shi, cikin tsumma, yana tare mutane da hannu bibbiyu yana cewa, "Don Allah ku daina kallonta."

Kai da ke jin zafin motar maƙwabcinka, ka je bakin gada ka gan shi kafin ka nemi hanyar bayan sito. Boka bai karɓi komai a hannun Mai Zane ba, kuma ba zai karɓa a naka ba. Zai tambaye ka ne kawai wa ke murna in ka shigo gida.