Ƙwallon da Ta Ci Layi

Ranar Lahadi ce bayan an taso daga coci. Darlene ta jera gasasshiyar kaza da dafaffen dankali da burodin masara a kan tebur, amma babu wanda ya ci na kirki. Tun da mijinta Roscoe Tolliver ya zauna, idonsa na kan zoben baikon da ke yatsan 'yarsu Maribeth, yana kallonsa kamar ƙuda a miya. Wanda ya sa mata zoben, Emmett Lanier, yana gefenta ya sunkuyar da kai.

Shekara ashirin ina maƙwabtaka da Roscoe a nan jihar Georgia ta Amurka, ban taɓa ganin mutum mai kafiya irinsa ba. Tun Maribeth na da shekara biyar yake fita da ita filin tanis da sassafe, ƙwallo ɗari biyar kafin ta karya kumallo, kuma duk raket ɗin buga ƙwallo da ta taɓa riƙewa shi ya ɗaure igiyoyinsa da hannunsa. Yanzu ga ta tana buga wa jami'arsu. Laifin Emmett ɗaya ne, ƙanwarsa Josie tana buga wa jami'ar da za su kara da ita ranar Asabar.

"Ke, saurare ni," in ji Roscoe. "Duk ƙwallon da kika yi shakkarta, ta fita. Ki ɗaga yatsa kawai!"

A wasan jami'o'i kowace 'yar wasa ita ke hukunta layin ɓangarenta, alƙali sai dai ya yi ta zagaya filaye shida. Amana ce zalla.

Emmett ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ai doka cewa ta yi in an yi shakka makin na abokiyar karawa ne."

"Au! A teburina za ka koya mini doka? Ƙanwarka ce ta aiko ka?"

"Haba Baba, don Allah…"

"Rufe mini baki! In kika faɗi ranar Asabar saboda wannan yaron, kada ki ƙara kirana ubanki."

Asabar ta zo. Filaye biyar suka tashi, aka haɗa da makin wasan bibbiyu, jami'o'in biyu suka yi kunnen doki, uku da uku. Saura fili ɗaya, Maribeth da Josie. Awa uku suna gumurzu a rana, har aka zo kan maki ɗaya tak, wadda ta ci shi jami'arta ta tafi da kofi. Josie ta maka ƙwallo can kusurwa. Maribeth ta gan ta sarai, ta ci bakin layi. Alƙali yana wancan ɓangaren, daɓen filin kuma ba ya barin tabo. Ta waiga ta ga ubanta ya riƙe wayar shingen filin da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

Ta ɗaga yatsa. "Ta fita!"

Ƙawayenta suka ruga da ihu suka rufe ta. Da ta je bakin raga gaisawa, Josie ta riƙe hannunta gam, idonta jawur.

"Kin gani, na gani. Ki ji daɗin kofinki."

A wurin ajiye motoci Emmett ya tare ta. Bai ɗaga murya ba.

"Tambaya ɗaya, Maribeth. Ta ci layi?"

"Ban… ban gani sosai ba."

"In ba ki gani ba, makin nata ne. In kin gani, ƙarya kike mini yanzu. Wanne ne?"

Ta fashe da kuka. "Sori Emmett, Baba ne…"

"Ba Baba ya ɗaga yatsa ba. Kofi bai dame ni ba, ki yarda. Amma kin dubi idona kin faɗi abin da ba haka ba. Yaya za mu zauna gida ɗaya?"

Bai karɓi zoben ba, bai kuma sake kiranta ba.

Kwana huɗu Maribeth ba ta iya cin abinci. A na biyar ta shiga ofishin kocinsu ta faɗi gaskiya. Kocin ta ce sakamako ya riga ya shiga, ba a sauya shi, amma ta cire ta daga 'yan wasa har ƙarshen kakar wasa. Ƙawayen da suka ɗaga ta sama suka daina zama kusa da ita a mota, wai ta shafa wa kofinsu kashin kaji. Da labari ya isa gida, Roscoe ya kwashe hotunanta daga bango ya zuba a kwali.

"Shekara goma sha shida na kashe a kanki, ki kunyata ni saboda namiji!"

"Baba, ta ci layi."

Daga ranar bai ƙara yi mata magana ba. Na tausaya wa yarinyar nan ƙwarai. Ta rubuta wa Josie takardar neman gafara, shiru. Ta rubuta wa Emmett, shiru. Ta zura zoben a sarƙa ta rataya a wuya, ta ci gaba da atisaye ita kaɗai da injin harba ƙwallo, igiyoyin raket ɗinta kuma sai ta kai shago.

Shekara ta zagayo, aka sake haɗa Maribeth da Josie a fili ɗaya. Roscoe ya zo, ya tsaya nesa ya harɗe hannu. A zagayen ƙarshe Josie na gaba, maki ɗaya ya rage mata, ta sake nufar wannan kusurwar. Ƙwallon ta sauka, 'yan kallo suka yi ta ihun "Ta fita! Ta fita!" Ko Josie ma ta juya za ta koma. Amma Maribeth ta ga gashin ƙwallon ya shafi farin fenti.

Ta shimfiɗa tafin hannunta ƙasa. "Ta shiga. Kin ci."

Roscoe ya juya ya nufi motarsa.

A bakin raga Josie ta daɗe tana kallonta. "Ke wace irin mahaukaciya ce? Ni kaina na ɗauka ta fita!" Sai ta rungume ta, ta raɗa mata, "Dubi bayan shinge, gindin bishiyar can. Duk wasan da kika buga bana yana nan tsaye, ya hana ni in faɗa miki."

Emmett ne. Da ta iso gabansa sai ta ciro zoben daga wuyanta ta miƙa masa. Ya karɓa ya mayar mata a yatsa.

An ɗaura aurensu cikin watan Yuni. Kujerar Roscoe a coci babu kowa a kai, kawunta ne ya riƙe hannunta ya kai ta gaban fasto, tana tafe tana hawaye. Bayan an watse Darlene ta miƙa mata dogon ƙunshi.

"Babu takarda, 'yata. Ajiyewa kawai ya yi a mota, bai ce uffan ba."

Raket ɗinta ne na farko, na 'yar shekara biyar, an yi masa sababbin igiyoyi. Ta duba ƙullin, ta san hannun da ya yi shi.

'Yan mata, ƙaryar daƙiƙa ɗaya ta ci wa Maribeth shekara guda, har yau ma ba ta gama biya ba, don uban bai fara gaishe ta ba tukuna. Ku girmama iyaye, amma in an ba ku amana, ku faɗi abin da idonku ya gani ko da kowa zai juya muku baya. Haƙurin da ta yi a kan gaskiya shi ya dawo mata da mijinta, kuma tana nan tana jiran ubanta da irin wannan haƙurin.