Dutsen Da Ya Riƙe Munzir

"Wallahi Fauziyya, in dai ina numfashi ba zan aurar da ke ga mutumin da yake rataye ransa a jikin igiya ba!"

Muryar Yaya Badamasi ta cika ɗan falonsu na unguwar Darrasa a ƙasar Masar. Fauziyya tana durƙushe a bakin ƙofar kicin, riƙe da farantin shayin da ta ɗauko.

Munzir yana zaune a kan darduma, kansa a ƙasa.

"Ustaz, sana'a ce," ya faɗa a hankali, da irin Hausarsu ta mutanen Sudan. "Tun ina yaro a Kassala nake hawan dutse. Yanzu ma baƙi nake yi wa jagora a duwatsun Sina'i. Ban taɓa..."

"Ba ka taɓa faɗowa ba, na sani! Da ka faɗo ai ba za ka zo min neman aure ba."

"Yaya, don Allah..."

"Ki yi min shiru! Amanarki Baba ya damƙa min kafin ya rasu. Karatu na kawo ki Masar, ba soyayya ba."

Munzir ya ɗago ya dube ta. Irin kallon da ya yi mata ne ranar da suka fara haɗuwa, lokacin da 'yan ajinsu suka je yawon buɗe ido Sina'i, ta gurɗe a ƙafa, ya sauko da ita taku bayan taku yana ba ta labari don kada ta kalli ƙasa.

"In na bari fa, Ustaz?"

"Ka bar me?"

"Dutsen. Daga yau, khalas. Na bar shi."

Yaya Badamasi ya daɗe yana shafa gemu kafin ya ce, "To, mu gani a ƙasa. In ta gama karatu sai a yi magana."

Munzir ya cika alkawari. Ya sayar da igiyoyinsa, ya kama aiki a shagon waya a unguwar Faisal. Kullum yana bayan kanta yana manna gilashi a fuskar wayoyin mutane.

Da farko Fauziyya murna ta yi.

Sai ta lura ya fara ramewa. Dariyarsa ta ragu. In suna tafe suka wuce wani dogon gini, sai ta ga ya ɗaga kai, yatsunsa suna motsi kamar suna neman wurin kamawa.

"Lafiya kake, habibi?"

"Tamam, lafiya lau. Ina da ke, me zan nema kuma?"

Yana faɗa yana murmushi, amma idonsa ba ya murmushin.

Wata rana da la'asar tana jiran mota a bakin titi, aka dafa kafaɗarta. Hadeel ce, 'yar gwaggon Munzir, wadda danginsu da ke unguwar Arba wa Nus suka daɗe suna so ya aura.

"Amarya!" ta faɗa tana taɓe baki. "Kin ji daɗi, kin ɗaure shi a shago kamar akuya."

"Hadeel, ba na son fitina."

"Ba fitina na kawo ba, labari ne. Wani tsohon Bature da ya taɓa yi wa jagora a Sina'i ya samo masa gurbi a makarantar masu hawan dutse a arewacin Italiya, cikin duwatsun Alps. Burinsa ke nan tun yana ɗan ƙarami. Ya ce ba ya so. Saboda ke!"

Fauziyya ta juyo ta dube ta.

"Bai faɗa min ba..."

"Ta yaya zai faɗa? Ki dubi fuskarsa mana. In wannan ne so, Allah Ya raba ni da irinsa."

Fauziyya ba yarinya ba ce. Ta san abin da Hadeel take nema: in Munzir ya tafi, Yaya zai janye maganarsa. Amma sanin hakan bai mayar da zancen ƙarya ba.

Washegari ta same shi a shago.

"Ka tafi, Munzir."

Ya ajiye wayar da ke hannunsa. "Wa ya faɗa miki?"

"Ba shi ne muhimmi ba. Ka tafi."

"Na yi wa yayanki alkawari, ruhina."

"Ni ka yi wa, kuma na yafe." Hawaye suka zubo mata. "Mutumin da ya sauko da ni daga dutse nake so. Wannan da ke tsaye a nan ban san shi ba. Kana mutuwa a gabana kana ce min tamam!"

"In na tafi zan rasa ki."

"Zan ji da Yaya. Ka je ka samo shaidarka ka dawo. Zai sauko, in sha Allah."

Yaya bai sauko ba.

"Ranar da ya hau jirgi, maganar ta mutu," ya ce, bai ko ɗago daga littafinsa ba.

Munzir ya hau jirgin.

Daga can yake kiranta kullum, muryarsa ta dawo irin ta da. Ya ba ta labarin wani tafki da duwatsu suka kewaye, ruwansa kore shar, sanyinsa kamar ya yanka hannu. Ya ba ta labarin hanyoyin da suke bi: wata an kafa igiyar ƙarfe a jikin dutsen, mutum ya maƙala ƙugiyarsa ya bi a kaikaice. Wata kuma tsani ne a miƙe, ƙasa babu komai sai iska.

"Akwai wadda ta fi su duka," ya ce. "Doron dutse ne, faɗinsa bai wuce tafin ƙafa ba. Dama rami, hagu tafki. In na ƙetare ta, na gama."

"Ni dai ka daina faɗa min, gabana faɗuwa yake."

"Ke fa kika turo ni!" Ya yi dariya.

Ita ma ta yi, amma a ranar ta kasa cin abinci.

Ranar da zai ƙetare, da hantsi kiransa ya shigo, na bidiyo. Fuskarsa ta cika wayar, hular kwano a kansa, leɓensa ya bushe, iska tana kaɗa muryarsa.

"Fauziyya! Na hau! Duba!"

Ya juya wayar. Can ƙasa, nesa ƙwarai, tafkin yana kwance tsakanin duwatsu masu farin kai. Ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma ba ta taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

"Masha Allah... To yalla, ka sauko."

"Da kina nan, habibti."

"Munzir, mene ne wancan baƙin a bayanka?"

Ya waiga. "Hadari ne. Ma'alish, kada ki damu, za mu riga shi sauka."

Kiran ya yanke.

Ta jira har azahar. Ta jira har la'asar. Ta kira, ta sake kira, wayar a kashe.

Da safe aka buga ƙofa. Yaya Badamasi ne ya buɗe. Hadeel ce a tsaye, takalminta wari da wari, idanunta sun kumbura.

Tana ganin Fauziyya ta zube a ƙasa.

"Hadarin ya cim musu a kan doron... Ƙafar wani abokin tafiyarsu ta maƙale, Munzir ya cire ƙugiyarsa ya koma ya ciro shi. Sai duwatsu suka gangaro..."

"Yana asibiti?" Fauziyya ta tambaya. "Hadeel, wane asibiti?"

"Ya faɗa ramin. Ƙanƙara ta rufe wurin. Sun ce ba za su iya ciro shi ba sai ta narke." Ta kama ƙafar Fauziyya tana kuka. "Ni raba ku kawai na so! Wallahi raba ku kawai!"

Fauziyya ba ta zare ƙafarta ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya kawai tana kallon bango.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," Yaya Badamasi ya faɗa.

Washegari, a wani ƙaramin masallaci a Arba wa Nus aka yi masa sallar ga'ib, babu gawa a gaban sahu. Dattawan unguwar suka tura Yaya Badamasi gaba saboda iliminsa. Daga ɓangaren mata Fauziyya ta ji muryarsa ta karye a kabbara ta uku.

A motar komawa suna zaune kusa da juna. Sai da suka kusa Darrasa ta buɗe baki.

"Yaya, kai malami ne. Ni me zan yi masa?"

"Addu'a, Fauziyya."

"Takaba fa?"

Ya juyar da kai wajen taga.

"Takaba ta matar aure ce," ya faɗa da ƙyar. "Wadda ba matarsa ba, kwana uku na makoki shari'a ta ba ta."

"Kwana uku..." Ta gyaɗa kai a hankali. "To ai yau ne na ukun, Yaya."

Ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Yaron mota yana ta kiran sunan unguwarsu, babu wanda ya motsa a cikinsu.