Sirdin Keken Kawu Tseng

Da la'asar aka tsinci gawar a gonar rake, gefen titin Pingtung. Tsoho ne gajere, sanye da rigar 'yan tseren keke masu zagaye tsibiri. Babu keke kusa da shi.

Sufeto Liao ya tsuguna. Babu rauni, leɓuna sun tsage saboda ƙishi. Amma dugadugansa sun bar sawu a ƙasa tun daga bakin titi. Janyo shi aka yi.

Ya sami ayarin 'yan tseren a haikalin da ke gaba, ɗaruruwan mahaya suna kwance a inuwa. Shugabarsu, Madam Hsieh, tana shan kankana.

"Kawu Tseng ne, dattijonmu," in ji ta. "Zafi ne, Yallaɓai. Ka sallame mu, gobe da sassafe za mu wuce."

"Yaushe kika gan shi?"

"Da azahar, a nan. Har tafi muka yi masa. Kullum muna yi."

"Kin ga fuskarsa?"

Ta yi dariya. "A wannan rana wa ke buɗe fuska? Kowa a naɗe yake har ido. Kekensa muka sani, kore, tsohon yayi. Ga shi can."

Liao ya tsaya kusa da keken. Sirdin ya kai masa ƙugu, shi kuwa dogo ne. A jikin ƙarfen akwai tabon inda sirdin ya saba zama, can ƙasa.

"Wa ke bin bayan ayari?"

"Pan. Shi ke da jar tuta a keke. Dokarmu ce, ba ya wuce kowa, ko kwana za a yi a hanya."

Pan Wen-hsiung na zaune shi kaɗai bayan haikali, da kwalin shinkafa bai buɗe ba. Dogo ne, siriri.

"Ban bar kowa a baya ba, Yallaɓai."

"Yaushe ka iso?"

"Na makara. Taya ce ta yi faci."

"Da ƙafar wa aka tuƙo koren keken nan? Mai shi ko ya miƙe ba zai taɓo feda ba."

Liao ya matso kusa da shi.

"Tashi ka hau in gani."

Bai tashi ba. Ya ajiye kwalin a ƙasa.

"Jiri ya kama shi," ya ce a hankali. "Ruwanmu ya ƙare, wayata ta mutu, tayata ta fashe. Na zaunar da shi, na ɗaga sirdin kekensa na hau, na ce zan kawo motar ayari. Ya ce, 'Yi sauri, yaro, kada su cinye kankanar.'"

"Sai me?"

"Ina shigowa suka miƙe suna tafi. Suna bubbuga mini baya, suna kiran sunansa. Yallaɓai, shekara da shekaru ina bin bayansu. Idan na iso an gama ci, an gama hoto. Ba wanda ya taɓa miƙewa don ni. Na ce bari in tsaya kaɗan tukuna."

"Kaɗan."

"Na zagayo nan in wanke fuska. Na jingina da bango. Da na farka inuwa ta juya." Ya share baki. "Na koma da gudu. Na tarar ya riga ya cika. Tsoro ya kama ni, na ja shi cikin rake, na liƙe tayata, na dawo a kan kekena."

Liao ya daɗe yana kallon titin. Kwalta na ta tururi, babu kowa a kai.

"Ya jira ka."

"Na sani. Fuskarsa na kallon hanyar da na bi."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya kama shi a gwiwar hannu, suka ratsa tsakar haikali zuwa mota. Mahaya suka ɗaga kai ɗaya bayan ɗaya. Wani saurayi ya taɓa na kusa da shi.

"Wane ne wannan da aka kama?"

"Oho. Da mu yake?"