Rami Ba Ya Jiran Kowa

A Dogon Bene, inda kusan duk mutanen Whittier ke zaune wasu a saman wasu, in aka ambaci Lanuola 'yar Tavita sai a taɓe baki. Matar gidan waya ta ce yarinyar kyakkyawa ce, sai dai kallonta ya fi iskar bakin teku sanyi. Fasto ya ce yana sa ta a addu'a. Mahaifiyarta kuwa, Mama Fetu, cewa take yi tun da ta haife ta ba ta taɓa jin "yi haƙuri" a bakinta ba, kuma ba a ƙasa ta tsinci halin ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Bas ɗin ubanta take tuƙawa. Duk ranar da jirgin ruwa ya tsaya, ita ke kwasar masu sauka ta kai su filin jirgin sama na Anchorage. Ba ta ɓoye ra'ayinta a kansu. Mutanen da suka yi mako guda suna ci kamar an yi musu albishir da yunwa, su sauko da akwatuna kamar masu ƙaura, su sayi tikitin jirgin safe sai ka ce filin jirgin a bayan tasha yake. Ƙafarsu a bakin ruwa, su tambaye ka nisan garin nan daga teku. Wata ma ta taɓa tambayarta ko ana karɓar dala a Alaska.

Hanyar fita ɗaya ce, ramin da ya huda dutse. Mota ɗaya yake ci a faɗinsa, sau ɗaya a awa ake buɗe wa masu fita, kafin ka gama hamma an rufe. Saboda haka dokar Tavita guda ce tak: rami ba ya jiran kowa, bas ma haka.

Da wannan doka ta fara haɗuwa da Efraín.

Wata safiya ce a farkon bazara. Saurayin ya sauko da farar hular masu gasa burodi a aljihun baya, ya sa akwatinsa a bas, ya yi mata murmushin da ba ta roƙa ba. Ya ce shi ma'aikacin jirgin ne, hutu zai tafi gida Puerto Rico. Sai ya hango wani dattijo da kekensa na guragu ya maƙale a bakin gadar sauka daga jirgi, ya ce mata yana zuwa yanzun nan.

Ta duba agogo. Ta rufe ƙofa. Ta ja mota.

Da ta dawo da la'asar yana nan zaune a kan wani turken ƙarfe, ruwan sama ya yi masa jagab. Ta sauke akwatin a gabansa, wanda ya je Anchorage ya dawo ba tare da mai shi ba. Ya ce jirginsa na sama ya tashi. Ta ce dama jirage tashi suke yi. Ya ce dattijon nan ba shi da kowa. Ta ce ita direba ce, ba 'yar agaji ba.

Ya dube ta tsawon lokaci, ruwa na ɗiga daga gashin girarsa, sai ya yi dariya.

"To shi ke nan. Ba na barin garin nan sai kin ba ni haƙuri. Ranar da kika ba ni, na tafi."

"Ashe za ka tsufa a nan, Mai Akwati."

Ta ɗauka surutun mutanen jirgi ne. Washegari ta shiga ɗan shagon shayin da ke ƙasan bene, ta ji ƙamshin da garin bai taɓa ji ba. Mai shagon ta ɗauke shi aiki tun kafin burodin farko ya huce. Ya miƙo mata ɗaya a takarda, ta ce ba ta cin sadaka. Ta cinye shi a cikin rami, inda babu mai ganinta.

Daga nan kullum sai ta tarar da burodi mai ɗumi a kujerar direba. Ba ta san wanda ya ba shi lambar wayarta ba, ko da yake tana zargin uwarta, saƙonninsa dai suka fara shigowa.

"Barka da safiya, Ƙanƙarata. Yau ne ranar haƙurin? In haɗa kaya?"

"Haɗa bakinka dai. Burodin jiya gishiri ya yi yawa."

"Amma kin cinye."

"Tsuntsaye na ba wa."

"Tsuntsayen sun gode. Sun ce in faɗa miki gashinki ya yi kyau jiya."

Ba ta amsa wannan ba, amma ba ta goge shi ba. Ranakun da babu jirgi sukan taka zuwa bakin ruwa, ita tana kwaikwayon fasinjoji, shi yana dariya har ya riƙe ciki. Wani lokaci yakan ce mata su ma fa mutane ne, wasu shekara da shekaru suka yi suna burin tafiyar nan. Ta ce to su yi burin duba taswira mana.

Da zancen ya kai kunnen Tavita, sai ya ture kwanon gwazarsa gefe. Ya ce mutumin jirgi tsuntsun bazara ne, jirgin ƙarshe na ɗaga anga zai bi shi. Ya ce ɗan tsibirin zafi, wanda bai taɓa haƙo mota daga cikin dusar ƙanƙara ba, ko makullin bas ba zai ba shi ba balle 'ya. Ga Gunnar nan mai ɗaure igiyar jirage a tasha, haifaffen gari, namiji mai ƙira.

Mama Fetu ta ci gaba da kankare kwakwarta. Ta tambaye shi a hankali, shi daga wace ƙasar ƙanƙara ya zo? Ko ba shi ba ne hunturunsa na farko ya shige bargo yana kiran sunan Samoa kamar ɗan yaye?

Tavita ya ce wannan daban. Amma ya yanke magana: yaron ya ci hunturu guda a Whittier, sannan a zauna.

Lanuola ba ta roƙi Efraín ya zauna ba. Cewa ta yi ba zai kai Kirsimeti ba.

Jirgin ƙarshe ya tafi bai bi shi ba. Rana ta ɓuya a bayan dutse, iska ta riƙa fizge ƙofar mota daga hannun mutum. Efraín ya sa riga a kan riga har ya koma kamar buhun gawayi, ya faɗi a kan ƙanƙara ya tashi, ya sake faɗuwa, Gunnar na tsaye yana masa dariya. Ya koyi riƙe shebur. Shi ya haƙo bas ɗin Tavita bayan babbar guguwa, ba wanda ya sa shi. Lanuola na kallonsa ta taga, ta aika masa:

"Kana riƙe shebur kamar ludayi."

"Na gani kina leƙe, Ƙanƙarata."

"Bas nake dubawa."

Da ƙanƙara ta fara narkewa, Tavita ya kira shi sama, ya zuba masa gwaza da madarar kwakwa da hannunsa. Bai yabe shi ba. Ya dai ce in an gama aikin bazara, bayan jirgin ƙarshe, sai a je wurin Fasto.

Jirgin farko da ya dawo a shekarar, tsohon jirgin Efraín ne.

Da yamma Gunnar ya tare ta tana wanke bas. Ya ce ba gulma ba, amma da idonsa ya ga angon nata ya hau jirgi, shugaban masu girki ya rungume shi, kuma ya daɗe a ciki. Ya ce kowa ya san abin da ke kai tsohon ma'aikaci jirgi. Tsuntsu dai tsuntsu ne.

Lanuola ta ajiye tsumman wankin. Da wata ce, da ta sauka shagon shayi ta tambaya. Ita kuwa abin da ta iya shi ta yi, ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"An ce ka koma gidanku na kan ruwa. Madalla. Dama Baba ya faɗa. Mutumin jirgi ko ya ci hunturu goma, kaya ne da ake saukewa a sake lodawa. Ban taɓa ɗaukarka fiye da akwati ba."

Ta ga ya karanta. Amsa ba ta zo ba.

Da safe babu burodi a kujerar direba. Tana cikin loda kayan masu sauka sai ga shi da akwatin nan nasa, da wata babbar kwalba a rungume. Bai nufi jirgin ruwa ba, bas ya nufo. Ya sa akwatin da kansa, ya ce filin jirgin sama, kamar kowane fasinja. Wannan karon bai makara ba.

Ya zauna a bayan kujerarta, kusa da wata tsohuwa mai hula kamar faifai, irin waɗanda Lanuola ke cewa bakinsu ba shi da birki. Suna layin jiran rami tsohuwar ta fara. Mene ne a kwalbar, ɗana? Kunu ne?

Ya ce mata uwar ƙullu ce. Daga ita ake ɗiban tsamin da ke tayar da burodi, kuma rai gare ta, kullum sai an ciyar da ita gari da ruwa. Ta kakarsa ce. Da zai tafi hutu bara, abokinsa ya bar wa ita a jirgi, don a sana'arsu mutum ba ya sauke uwar ƙullunsa sai a inda zai zauna har ya mutu. Jiya ya hau ya karɓo ta, ya yi sallama da su.

Tsohuwar ta ce to ina kuma zai kai ta yau? Ai masu binciken kaya a filin jirgi ba za su bar shi ya shiga da wannan a hannu ba, kwandon shara za su jefa ta.

Ya ce ya sani. Ya ce dama ba ta da wurin zama.

Fitilar bakin rami ta koma kore.

Ba a tsayawa a cikin rami, ba a juyawa. Lanuola ta tuƙa cikin duhun nan tana kallon jan fitilar motar gabanta. Ta bi ramin nan fiye da yadda za ta iya tunawa, bai taɓa yi mata tsawo haka ba. Da suka fito ma babu damar tsayawa, mutane cike da bas kowa da jirgin da zai kama. Hanya ta miƙe tsakanin dutse da teku, fasinjoji na ta ɗaukar hoton awakin dutse, tsohuwar na ba Efraín labarin marigayi mijinta, wanda shi ya yi burin tafiyar nan bai samu ba. Lanuola ta nemi abin rainawa a cikin zancen ta rasa.

A bakin filin jirgi ta sauke akwatuna ɗaya bayan ɗaya. Da ya rage nasa, sai ta rufe but ɗin ta jingina da shi.

Ya ce ta ba shi kayansa. Ta ce bas zai koma babu kowa, asarar mai ce. Ya kai hannu ga but ɗin. Ta ce Gunnar ne ya kawo mata zancen. Ya ce Gunnar bai rubuta masa komai ba. Ta ce burodin garin zai koma kamar dutse. Ya ce da can ma da shi suka rayu. Wani ma'aikaci ya busa mata usur, ya ce nan wurin saukewa ne ba wurin hira ba. Tsohuwar mai hula kuwa ta ƙi shiga ciki, ta tsaya da jakarta tana kallo ƙiri-ƙiri.

"Lanuola," ya ce, ba tare da sunan da ya saba kiranta ba, "na ci sanyin garinku, na ci na babanki. Naki ne ya fi ƙarfina."

Ta san abin da ya rage. Ta kuma tuna abin da ya faɗa a kan turken nan: ranar da kika ba ni, na tafi. Shekara guda tana riƙe da kalmar kamar igiyar da ta ɗaure shi a tasha, tana gaya wa kanta girman kai ne.

Mutanen Dogon Bene sun san yadda abin ya ƙare. Bayan jirgin ƙarshe aka ɗaura auren a cocin da ke ƙasan bene, da gasasshen kifi da gwaza da burodin da aka tayar da tsamin kwalbar nan. Tavita ya ɗora hannu a kan su biyun ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su fi duwatsun nan daɗewa, sannan ya zura wa surukinsa makullin bas a aljihu yana kallon wani wuri. Mama Fetu ta yi kuka ta yi rawa. Gunnar ma ya ci burodi har da guzuri.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar dai ba ta san ko zai zauna ba. Usur na ta ƙara, motoci na mata oda, ta buɗe but ɗin ta sauke akwatin a gabansa, a hankali wannan karon. Ta ɗago ta dube shi.

"Na bar ka cikin ruwan sama don ka taimaki dattijo. Na raina ka a gaban kowa, na rubuta maka abin da ba gaskiya ba. In za ka tafi, ga kayanka, ba zan riƙe ka ba." Ta matsa kusa da shi. "Efraín, na yi laifi. Ka yi haƙuri."